Kiɗan kantiri na da da na yanzu: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya tashi yana jin kaset ɗin Don Williams ko Jim Reeves, in ya lalubo abin da gidajen rediyon Amurka suke kira kantiri a yau, sai ya ce an yi masa musaya. Ganga ta yi ƙarfi, goge ya yi ɓatan dabo, wani lokacin ma gambara mawaƙin yake zubawa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan sauyi.

Idan an ce kantiri na da, wane zamani ake nufi?

Tun daga nan ake samun saɓani, domin na da ɗin ba iri ɗaya ba ne. Galibi ana nufin abin da aka yi daga shekarun 1920 zuwa wajen ƙarshen shekarun 1980, kuma a tsakanin nan salo ya juya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Tushen yana kudancin Amurka, musamman yankin duwatsun Appalachia, inda jikokin mutanen da suka yi ƙaura daga Ingila da Sikotlan da Ailan suka riƙe waƙoƙin kakanninsu da gogensu, suka cuɗanya su da waƙoƙin coci da kiɗan baƙaƙen fata. A 1925 gidan rediyon WSM na birnin Nashville ya soma wani shiri na daren Asabar, wanda daga baya aka raɗa wa suna Grand Ole Opry, kuma har gobe ana yin sa. A 1927 Ralph Peer, mai nemo wa kamfanin faifai na Victor mawaƙa, ya kafa na'urar ɗaukar sauti a garin Bristol na jihar Tennessee, ya yi shela mawaƙan karkara su zo. Cikin waɗanda suka amsa kira akwai iyalan Carter da Jimmie Rodgers, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda tarin fuka ya yi ajalinsa a 1933.

Bayan su sai kiɗan mashaya na shekarun 1940 da farkon 1950. Gidajen rawa na Texas da Oklahoma cike suke da hayaniya, jitar katako ba ta kai ko'ina, dole aka jona ta da lantarki. Ernest Tubb da Lefty Frizzell da Hank Williams su ne jagororin wannan zango. Williams ya mutu a kujerar bayan motarsa ranar 1 ga Janairun 1953 yana ɗan shekara 29, amma har yanzu da shi ake auna kowa. Daga nan sai salon Nashville mai laushi, sai na Bakersfield a Kalifoniya mai kaifi, na su Buck Owens da Merle Haggard, sai tawayen Willie Nelson da Waylon Jennings a shekarun 1970, waɗanda suka ƙi yarda kamfani ya zaɓa musu makaɗa. Yau duk an haɗa su a kwando ɗaya an kira su na da, alhali a zamaninsu kowane salo martani ne ga wanda ya gabace shi.

In na rufe ido ina sauraro, da me kunnena zai bambance tsohon da sabon?

Da abu uku: abin da ke kuka, abin da ke bugu, da muryar.

Abin da ke kuka a tsohon kiɗa shi ne goge da jitar kwance. Ita wannan jita a shimfiɗe take a kan ƙafafu huɗu, makaɗin yana zaune a gabanta. Hannunsa na hagu yana riƙe da ɗan sandan ƙarfe sumul yana zamar da shi a kan tsirkiyoyi, yatsun dama sanye da ƙumba ta ƙarfe suna tsinka, ƙafafunsa suna taka feda, gwiwoyinsa kuma suna tura wasu 'yan ƙarafa da ke lilo a ƙasa. Kowane taki ko turi yana ɗaure tsirkiya ko ya sassauta ta tana cikin kuka, shi ya sa sautin ke lanƙwasa kamar sheshsheƙa. Daga tsibirin Hawaii asalin kaɗa jita da sandan ƙarfe ya fito, amma wannan salo na taka feda ana cikin waƙa ya yi tashe ne bayan makaɗi Bud Isaacs ya yi shi a wani faifan Webb Pierce da ya ci kasuwa a 1954. A tsohuwar waƙa, mawaƙi ya rera baiti, jitar kwance ta amsa masa. A yawancin waƙoƙin rediyo na yanzu, in ma akwai ta, can ƙasa aka binne ta don a ce dai an saka.

Bugu kuwa shi ne babban juyin. A farkon zamani hukumar Opry ba ta yarda da ganga a dandalinta ba sam, har Bob Wills ya yi ƙaurin suna da ya shigo da tasa a 1944. Ko bayan da aka karɓe ta, a hankali ake shafa ta, tana bin waƙa a baya. Yanzu ganga ce a gaba. Sau da yawa ma ba mutum ke buga ta ba, kwamfuta ce ke maimaita ɗan gajeren bugu da ƙyastar yatsa, ga wani gurnani mai kauri a ƙasa wanda aka aro daga kiɗan gambara. Jitar lantarki ma ta koma irin ta makaɗan rok masu cika filin ƙwallo.

Muryar da kuwa tana da tabo. George Jones kan datse haƙora ya ja kalma ɗaya ya karya ta gida uku, Hank Williams kan bar murya ta tsage a inda zafin yake. Tun da manhajar Auto-Tune ta fito a 1997 ake iya goge duk wani karkacewa, sai muryoyi suka yi santsi, suka kuma soma kama da juna. Abin da ya rage shi ne karin harshen Kudu, wanda wasu sababbin mawaƙa ke ƙara wa gishiri domin shi kaɗai ne shaidar cewa waƙar kantiri ce. Bahaushen da ya san tazarar da ke tsakanin kalangun Shata da waƙar fiyano ta situdiyo, ya riga ya san rabin wannan labari.

Yadda ake ɗaukar waƙar ma ya sauya ne?

Ƙwarai, kuma a ganina nan ne gizo yake saƙar, ba a kayan kiɗa ba.

A Nashville na shekarun 1960 akwai wasu 'yan tsirarun makaɗa da kusan kowane faifai da hannunsu a ciki. Aikin zama-zama ne na awa uku uku: ƙarfe goma na safe, biyu na rana, shida na yamma, goma na dare. Za su taru a ɗaki ɗaya, misali situdiyon RCA da aka gina a 1957, a rera musu waƙar sau ɗaya da jita, kowa ya rubuta lambobi a takarda a madadin rubutun kiɗa na makaranta, domin da lamba in mawaƙi ya ce a ɗaga ko a sauke ba sai an sake rubutu ba. Sai a gwada sau ɗaya ko biyu, a kunna na'ura. Mawaƙi yana tsaye, mai fiyano yana kallon bakinsa, mai ganga yana jin numfashinsa. In ya ja baiti kowa ya jira shi. Kafin awa ukun ta cika an gama waƙa uku ko huɗu, kuma in wani ya yi kuskure babba, kowa da kowa za a sake.

Yanzu sau da yawa waƙa tana farawa ne a ofishin kamfanin marubuta. Mutum uku ko huɗu sun yi alƙawari ƙarfe goma sha ɗaya, ɗayansu aikinsa kawai ya zo da kwamfuta ya haɗa bugu, sauran su ɗora kalmomi a kai. Daga baya a ɗauki kowane kayan kiɗa shi kaɗai, a daidaita shi da agogon kwamfuta, a rera baiti sau da dama a tsinci mafi kyau daga kowanne a ɗinke. Sannan a matse sautin gaba ɗaya ya yi ƙarfi daga farko har ƙarshe, yadda zai fito a waya da lasifikar mota. Abin da ake rasawa shi ne sarari, wato wurin da kiɗa ke lafawa ya bar kalma ta sauka.

Amma kada a ɗauka rubuta waƙa don kuɗi sabon abu ne. Tun 1942 Roy Acuff da Fred Rose suka kafa kamfanin marubuta waƙa a Nashville, kuma da yawa daga tsofaffin waƙoƙin da ake rantsuwa da su, ba masu rera su ne suka rubuta ba. Makaɗan Nashville na yau ma ba baya ba ne wajen ƙwarewa, aikin da ake ba su ne ya sauya.

To ai Jim Reeves da Don Williams da Kenny Rogers su ne kantiri na ainihi, ko ba haka ba?

Wannan amsar ba za ta yi wa masoyansu daɗi ba, kuma ina cikinsu. Abin da mu a nan muke kira na ainihi, a zamaninsa shi ne ake zargi da lalata kiɗan.

A tsakiyar shekarun 1950 Elvis Presley da kiɗan rok suka kwashe matasa, kasuwar kantiri ta faɗi warwas. Furodusoshi biyu, Chet Atkins na RCA da Owen Bradley na Decca, suka ga in ba a yi wani abu ba za a rufe shago. Sai suka cire gogen karkara da jitar kwance, suka sa fiyano mai taushi da tarin goge irin na manyan zaurukan birni, da 'yan amshi masu murya kamar zuma. Jim Reeves, wanda da farko da ƙarfi yake rera waƙa irin ta Texas, ya matso kusa da makirufo ya sauke murya ƙasa. Patsy Cline ma ta wannan ƙofa ta shiga. Ana ba da labarin cewa da aka tambayi Atkins mene ne wannan salo na Nashville, sai ya sa hannu a aljihu ya kaɗa silalla. Salon Bakersfield da tawayen su Waylon Jennings duk martani ne ga wannan laushi.

Kenny Rogers kuwa daga wata ƙungiyar kiɗan pop da rok ya fito. Babbar waƙarsa ta 1980 Lionel Richie ne ya rubuta, wadda suka yi da Dolly Parton a 1983 kuma 'yan Bee Gees ne suka rubuta. Don Williams ne ya fi su zama a tsakiya: kiɗansa ba kwalliya, amma ba na mashaya ba ne, sanyi ne zalla.

Rigimar ta taɓa fitowa fili a talabijin. A 1974 ƙungiyar CMA, mai raba manyan kyaututtukan kantiri, ta ba Olivia Newton-John, wadda aka haifa a Ingila ta girma a Ostireliya, kyautar mawaƙiyar shekara. Ran wasu manya ya ɓaci, suka taru a gidan George Jones da Tammy Wynette suka kafa tasu ƙungiyar don kare gado. Da shekara ta zagayo, Charlie Rich ya hau dandali don ya sanar da gwarzon shekara. Ya buɗe ambulan, ya ga sunan John Denver, ya zaro abin kunna taba daga aljihu ya cinna wa takardar wuta a gaban kyamara, sannan ya faɗi sunan. Abin dariyar shi ne, shi kansa Rich da irin wannan kiɗa mai laushi ya yi suna. A yau kuma John Denver yana cikin waɗanda ake kunnawa a ce Allah sarki, kantiri na da.

Me ya sa tsohon ya fi shiga ran mutane a Afirka?

Turancinsa a fili yake, tafiyarsa a hankali, kuma zancensa na uwa ne da gona da Ubangiji da kewar gida, abin da ba ya buƙatar tafinta. Alaƙar ta daɗe. A 1950 Hugh Tracey ya ɗauki wata waƙa a wurin 'yan ƙabilar Kipsigis na Kenya wadda suka yi a kan Jimmie Rodgers, bayan sun ji shi a garmaho. Jim Reeves ya yi wasa a Afirka ta Kudu har ya fito a fim a can kafin hatsarin jirgin sama ya yi ajalinsa a 1964. Don Williams ya yi wasa a Harare a 1997, kuma da ya rasu a 2017 an yi jimaminsa daga Najeriya har Zimbabuwe. Sabon kiɗan kuwa yana magana ne da wani matashi takamaimai na kudancin Amurka, da motarsa da daren Juma'arsa, kuma wurin bugu ba abin da zai nuna wa matashin Afirka.

Kalmomin fa? An ce tsofaffin waƙoƙin sun fi tarbiyya.

Ba haka kai tsaye ba. Tsohon kantiri cike yake da giya da cin amanar aure da kisa da kurkuku. Merle Haggard ya yi zaman gidan yarin San Quentin, yana cikin fursunonin da suka kalli Johnny Cash a can, kuma sai a 1972 Ronald Reagan, yana gwamnan Kalifoniya, ya yi masa afuwa. Cash ya ɗauki ɗaya daga manyan kundayensa a cikin kurkukun Folsom a 1968. Bambancin shi ne matsayin mai magana. A tsohuwar waƙa mutum yana shan giya ne domin matarsa ta tafi, ya san abin da yake yi ba daidai ba ne, kuma gobe zai biya. Akwai laifi, akwai nadama, akwai sakamako. Waƙar tana da farko da tsakiya da ƙarshe kamar tatsuniya. Wadda George Jones ya fitar a 1980, da mutane da yawa ke ɗauka ita ce ƙololuwar wannan fanni, labarin wani mutum ne da ya yi alƙawarin ba zai daina son wata mata ba sai ya mutu, kuma sai can cikin waƙar mai sauraro ke gane cewa zancen jana'izarsa ake yi. (Ita ma, a lura, cike take da gogen birni, domin furodusanta Billy Sherrill gwanin kwalliya ne.)

Wajen 2012 zuwa 2016 wani salo ya mamaye rediyo, wanda ƙungiyar Florida Georgia Line ta buɗe wa hanya da waƙarta Cruise. Ta yi mako 24 a saman jerin waƙoƙin kantiri na mujallar Billboard, aka kuma sake ta tare da mawaƙin gambara Nelly. Daga nan kowa ya bi. Babu labari, jeri ne kawai: a-kori-kura, hanyar burji, giya mai sanyi, bakin rafi, yarinya mai gajeren wando wadda ko suna ba ta da shi. Giyar ba ta da gobe. Abin ya kai har wasu 'yan mata biyu, Maddie da Tae, suka yi waƙa a 2014 suna yi wa wannan salo shaguɓe, ita ma ta kai ta ɗaya a rediyo.

Wannan yayi ya lafa. Morgan Wallen, wanda ya fi kowa kasuwa yanzu, ya dawo da ɓacin rai da rabuwa, ko da yake a kan bugun kwamfuta. Jelly Roll, tsohon mawaƙin gambara da ya sha zaman gidan yari, yana waƙar ƙwaya da tuba, wanda in aka bi ma'ana ya fi kusa da Haggard fiye da masu malafar kaboyi da yawa.

Wa ya jawo wannan sauyi? Garth Brooks ne ko Shania Twain?

Su aka fi nuna wa yatsa, amma kasuwa ce ta yi aikin. A tsakiyar shekarun 1980 an ma koma gida: George Strait da Randy Travis da Dwight Yoakam suka dawo da goge da jitar kwance, a 1989 kuma Alan Jackson da Clint Black da Brooks suka fito. A 1991 Billboard ta fara ƙidayar ciniki kai tsaye daga na'urar shaguna, ba daga abin da masu shago suka ce ba. Nan take aka gano ashe kantiri yana sayuwa fiye da yadda ake zato, kundin Brooks na wannan shekara ya shiga jerin ƙasa baki ɗaya a matsayi na ɗaya tun makon farko. Kamfanoni suka ga kuɗi. Brooks ya kawo wasan filin ƙwallo da wuta da hayaƙi, Twain kuma ta fitar da kundinta na 1997 tare da furodusa Mutt Lange, wanda ya yi suna wajen aiki da ƙungiyoyin rok irin su AC/DC da Def Leppard.

Sai dokar sadarwa ta 1996, wadda ta cire iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tara sama da dubu. Da can mai gabatar da shiri a ƙaramin gari yana iya sa waƙar da ta burge shi, yanzu jeri ake turowa daga hedikwata bayan an gwada gutsuren waƙa a kunnen masu sauraro. Waƙar da ba ta ɓata wa kowa rai, ba ta sa a canza tasha, ita ke tsira. Waƙar jana'iza ba ta cin irin wannan jarrabawa. An ga ƙarfin wannan tsari a 2003, lokacin da mawaƙiyar ƙungiyar Dixie Chicks ta soki Shugaba Bush a Landan kan yaƙin Iraƙi, aka share su daga rediyon kantiri cikin kwanaki. A 2012 kuma Billboard ta soma haɗa sauraro ta intanet da sakawa a tashoshin pop cikin lissafin jerin kantiri, wanda ya ƙara wa waƙoƙi masu ƙafa biyu tagomashi.

Shigowar gambara da baƙaƙen fata ba ita ce ta ɓata asalin ba?

Asalin ma da su aka yi shi. Banjo, wanda ake ɗauka tambarin turawan karkara, bayi ne daga Afirka ta Yamma suka ƙera shi a nahiyar Amurka bisa tsarin kayan tsirkiyar gida, dangin akonting na Jolawan Senegal da Gambiya, da irin su gurmi da molo namu. DeFord Bailey, baƙar fata mai busa, yana cikin taurarin farko na Opry. Lesley Riddle ya yi yawon tattara waƙoƙi tare da A.P. Carter. Rufus Payne, makaɗin titi a Alabama, shi ya koya wa Hank Williams jita. Jimmie Rodgers ya yi faifai da Louis Armstrong a 1930. Kamfanonin faifai ne suka raba kasuwa biyu a shekarun 1920, wannan na farare, wancan na baƙaƙe, har aka manta. Da Charley Pride, mawaƙi baƙar fata, ya fito a 1966, kamfanin RCA ya aika faifansa na farko gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba. A 1971 ya zama gwarzon shekara na CMA.

Tambayar wa ke da izinin shiga ba ta mutu ba. A 2019 Billboard ta cire waƙar Lil Nas X daga jerin kantiri, ta ce ba ta cika sharaɗi ba, alhali farare suna ta zuba gambara a rediyon kantiri tun kafin nan. Waƙar ta je ta yi mako 19 a saman jerin ƙasa baki ɗaya. A 2023 Tracy Chapman ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kyautar waƙar shekara ta CMA, bayan Luke Combs ya sake rera wata waƙarta ta 1988. A 2024 Beyoncé ta fitar da kundin Cowboy Carter, CMA ba ta sa ta ko a rukuni ɗaya ba, amma a 2025 ta ci Grammy na kundin shekara da na kantiri. A 2024 ɗin dai Shaboozey, wanda aka haifa a Virginia, iyayensa 'yan Najeriya, ya yi mako 19 a sama da waƙar da aka gina a kan wata gambara ta 2004. Ana iya cewa wasu daga waɗannan waƙoƙi ba su yi kama da na Hank Williams ba. Gaskiya ne. Amma na Florida Georgia Line ma ba su yi ba, kuma ba wanda ya cire su daga jeri.

Mata fa, sun fi samun wuri yanzu?

A rediyo, a'a. Kitty Wells ta kai ta ɗaya a 1952 da waƙar martani ga maza masu ɗora wa mata laifin mutuwar aure. Loretta Lynn, 'yar mahaƙin kwal daga Kentucky, ta yi waƙar maganin tazarar haihuwa a 1975, tashoshi da dama suka ƙi sakawa. Shekarun 1990 cike suke da mata: Reba McEntire, Twain, Faith Hill, Martina McBride. Da salon a-kori-kura ya zo sai aka ture su gefe. A 2015 wani mai ba gidajen rediyo shawara, Keith Hill, ya fito fili ya ce a rage sa waƙoƙin mata, ya kwatanta su da tumatir a cikin salak, maza kuma su ne ganyen. Kacey Musgraves ta ci Grammy na kundin shekara a 2019 ba tare da rediyon kantiri ya mara mata baya sosai ba. Taylor Swift, wadda ta fara a kantiri a 2006, ta tattara ta koma pop a 2014.

Wanne ya fi kyau?

In ana maganar waƙa ɗaya da za ta tsaya a rai, ni tsohon zan ɗauka, saboda labari da sarari. Sai dai gwajin akwai rashin adalci a ciki. Abin da ya iso gare mu daga 1965 shi ne wanda ya tsira daga rairaya, dubban waƙoƙin banza na lokacin sun bi ruwa. Na yau kuwa da tsakuwa da tsaba muke jin sa. Ga kuma abin da ba a musu: sabon ya kai inda tsohon bai taɓa kaiwa ba. A watan Agustan 2023, karo na farko a tarihi, waƙoƙin kantiri ne suka riƙe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a jerin ƙasa baki ɗaya.

Akwai masu yin irin na da har yanzu?

Da yawa, sai dai ba lalle a same su a rediyo ba. Intanet ɗin da ake zargi ita ce ta cece su. A daren kyaututtukan CMA na 2015 Chris Stapleton, mai gemu buzu-buzu wanda ya daɗe yana rubuta wa wasu waƙa, ya hau dandali da tauraron pop Justin Timberlake, kafin mako ya zagayo kundinsa ya hau saman jeri. Zach Bryan yana sojan ruwa ya fara ɗora bidiyonsa a YouTube, shi da jita kawai, yanzu filin ƙwallo yake cikawa. Mai son goge da zafin Appalachia ya nemi Tyler Childers. Mai son muryar kaboyi mai kauri ya nemi Colter Wall, ɗan Kanada. Akwai Sturgill Simpson da Charley Crockett da Sierra Ferrell da Cody Johnson, akwai Billy Strings mai tsinkar jitar katako kamar walƙiya, akwai kuma Zach Top wanda ya dawo da sautin shekarun 1990 sak. Wanda Don Williams ya saba wa kunne, zai fi sauƙin farawa da Alan Jackson da Randy Travis, sannan ya gangaro.

Shin a hukumance an raba su biyu?

E, an yi. A watan Yunin 2025 hukumar da ke ba da kyautar Grammy ta sanar da cewa daga bikin 2026 kyautar kundin kantiri za ta rabu: ɗaya ta gargajiya, ɗaya ta zamani. Sharaɗin ta gargajiya ya ambaci kayan kiɗa irin su goge da banjo da jitar kwance da gangar da mutum ke bugawa, ba kwamfuta ba. Masu goyon baya sun ce an daɗe ana neman haka, domin ba adalci ba ne a gwada Charley Crockett da Post Malone, wanda ya shigo kantiri daga gambara da pop, a ma'auni ɗaya. Masu suka kuwa sun lura cewa sanarwar ta zo ne wata huɗu kacal bayan Beyoncé ta ɗauki kyautar.